Lambar yabo a jikin buhun siminti

Tun da na fara ɗora ginin ɗakuna biyu a filina da ke bayan unguwar Garin Malam a Damagaram, na koma mai karanta buhun siminti kamar yadda ake karanta jarida. A shagon da nake saye kusa da Kasuwar Dole, mai shagon ya manna wata kalanda ta kamfanin da yake sarar kayansa, an cika ta da hotunan kofuna da takardun shaida, ga manya cikin kwat suna musabaha. Duk wanda ya yi ƙorafin tsada, kalandar yake nuna masa da baki ya ce, "Alhaji, ai kayan masu lambar yabo ne."

Ban raina wannan yabo ba, amma da na bi diddigi sai na gane cewa an haɗa abubuwa mabambanta a bango ɗaya. Kofin da ake miƙawa a wajen walima yakan nuna cewa kamfani ya yi ciniki ko ya yi suna a shekarar. Takardar ISO 9001 kuwa wani abu ce dabam. Ƙungiyar ISO, mai mazauni a Jeniba ta ƙasar Siwizalan, ta fara fitar da wannan ma'auni a 1987, kuma ba ita ke ba da takardar da hannunta ba. Masu bincike ne masu zaman kansu ke zuwa masana'anta su duba, takardar ta yi shekara uku, ana komawa dubawa kowace shekara. Abin da take shaidawa shi ne kamfanin yana da tsarin aiki rubutacce da yake bi wajen kula da inganci. Ba ta yi rantsuwa a kan buhun da ke gabanka ba.

Abin da ya shafi gini kai tsaye ƙananan lambobi ne da ke jikin buhu: 32.5, 42.5 ko 52.5. Suna nuna ƙarfin da kwaɓin gwaji ya kai bayan kwana 28, kuma harafin R da ke bin wasunsu yana nufin simintin yana saurin kamawa a kwanakin farko. Simintin Malbaza ne daga jihar Tawa ko wanda ya shigo daga Nijeriya, waɗannan lambobin nake fara nema yanzu.

Maginina, dattijo ne da ya shekara fiye da talatin a sana'ar, bai taɓa ɗaga kai ya dubi kalandar ba. Yakan sa a buɗe buhu, ya cusa hannu har wuyan hannu, ya damƙo gari ya murza. Ranar nan ya mayar da buhu huɗu saboda ƙulalai, don an jibge su a ƙasa ba katako tun damina. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Malam, kai dai ka tanadi kuɗin ƴan garuwa." Duk wanda ya san ƙarancin ruwa a Damagaram ya san nauyin wannan magana, domin bulon da aka buga yana buƙatar ban ruwa safe da yamma na kwanaki, in ba haka ba rana ta shanye shi kafin ya yi ƙwari, ya riƙa marmashewa a hannu ko da wane siminti aka kwaɓa shi.

Jiya na ƙirga jarkokin da muka zuba wa bulon wannan mako, na ga kuɗinsu ya kusa sayen wasu buhunan. Gobe da asuba za a fara aza harsashin ɗaki na biyu.