Tambarin fayil a SELinux: abin da ba a rubuta cikin doka ba, gogewa zai yi

Ƙannena masu koyon aikin saba (server), wato kwamfutar da take yi wa wasu na'urori hidima, a nan Damagaram, ko kuna Jami'ar André Salifou ko kuna koyo da kanku a shagunan intanet na Zango da Sabon Gari, akwai wani ɓangare na Linux da nake so ku fahimta tun kafin a damƙa muku na'urar da jama'a suka dogara da ita. Shi ne yadda SELinux yake liƙa wa kowane fayil tambarin tsaro, da yadda tambarin yake komawa asalinsa ko kun so ko ba ku so ba. Na yi ɓarna a wannan fanni a kan sabar wata makaranta mai zaman kanta da nake kula da ita, kuma duk ɓarnar tushenta ɗaya ne: na ɗauka tambarin da ke jikin fayil shi ne doka, alhali kuwa kwafi ne na abin da dokar ta tanada a wani wuri dabam.

Izinin da aka fara koya mana, na chmod da chown, a hannun mai fayil yake, shi ke buɗewa shi ke rufewa yadda ya ga dama. SELinux kuwa tsaro ne na tilas, wanda ko mai fayil bai isa ya ƙetare shi ba. Hukumar tsaron ƙasa ta Amurka, NSA, ita ta fitar da shi a ƙarshen shekarar 2000, ya shiga zuciyar Linux a 2003, kuma a yau a kunne yake zuwa cikin Fedora da Red Hat da danginsu irin su Rocky da Alma, har da wayoyin Android da ke aljihunku. Ubuntu ya ɗauki wata hanya, wato AppArmor, mai duba sunan wurin da fayil yake maimakon tambari, saboda haka wanda ya saba da Ubuntu shi ne ya fi saurin tuntuɓe idan ya sauya gida. A SELinux kowane fayil yana da tambari mai kashi huɗu da ake gani da ls -Z, misali unconfined_u:object_r:user_home_t:s0, kuma a aikin yau da kullum kashi na uku, wato nau'i, shi ne mai yanke hukunci. Shi ma Apache, shirin da yake miƙa shafukan intanet ga masu nema, yana gudana ne da nasa nau'in, httpd_t, kuma doka ta yarda masa ya karanta httpd_sys_content_t, ba ta yarda masa ya karanta user_home_t ba, ko da an buɗe izinin fayil ɗin ga kowa da kowa.

A nan na fara zamewa. Na shirya shafukan makarantar a cikin jakata ta gida, na kwashe su da mv zuwa /var/www/html, na buɗe burauza, sai ta nuna mini 403, lambar da ke nufin an hana shiga. Na duba izini, lafiya lau. Na sauya mai fayil, babu abin da ya motsa. Dalilin shi ne mv ba ya haifar da sabon fayil, tsohon yake sauya wa mazauni, shi ya sa tambarin gida yake bin sa duk inda ya je. Da cp na yi amfani, da sabon fayil ya gaji nau'in jakar da ya sauka a ciki, sai dai idan an ƙara masa -a, wanda yake ɗauko tsohon tambari tare da kaya. Maganin layi ɗaya ne, restorecon -Rv /var/www/html, kuma amsar tana zaune tun farko a /var/log/audit/audit.log, inda ausearch -m avc zai nuna wane ne aka hana, me aka hana shi, da tambarin abin da ya nema. Ni ban duba can ba. Na buɗe /etc/selinux/config na rubuta disabled, wato a kashe SELinux, na sake tayar da na'urar, shafi ya buɗe, na ɗauka aiki ya kammala.

Kashe SELinux gaba ɗaya bashi ne da za a biya daga baya, domin duk fayil ɗin da aka ƙirƙira yana kashe ba ya samun tambari ko kaɗan, kuma ranar da aka sake kunna shi za a gan su a matsayin unlabeled_t, wanda kusan babu shirin da doka ta yarda ya taɓa. Idan kuna son gwadawa ko shi ne ya tare muku hanya, setenforce 0 ya wadatar: yana mayar da shi yanayin permissive, inda yake ci gaba da liƙa tambari da rubuta duk abin da ya saɓa wa doka, amma ba ya hanawa. Wanda kuma ya gaji na'urar da aka daɗe da kashewa, kada ya yi tsalle kai tsaye zuwa enforcing, wato yanayin da yake hanawa. Ya fara da permissive, ya ba da umarnin fixfiles -F onboot don a sake liƙa tambari a tashi na gaba, ya sake tayar da na'urar, ya karanta abin da aka rubuta a kundin audit, sannan ya ɗaure.

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo shi ne na biyu, domin a lokacin ina ganin na riga na iya. Na mayar da SELinux aiki, sannan na buɗe sabuwar jaka mai suna /makaranta a wani faifai dabam don sakamakon jarrabawa da takardun ɗalibai. Jakar da doka ba ta san da ita ba a wannan mataki nau'in default_t take samu, Apache kuwa ba ya karanta shi. Sai na sauya tambarin da hannu da chcon -R -t httpd_sys_content_t /makaranta, komai ya tafi daidai, har na manta da maganar. Bayan wani lokaci kalmar sirri ta root, wato babban mai iko da na'urar, ta ɓace mana, na bi hanyar da aka sani: na tsayar da tashin na'urar da rd.break, na sauya kalmar, na kuma yi touch /.autorelabel, wanda yake sa a sake liƙa tambari a tashi na gaba, kamar yadda ake koyarwa. Wannan mataki na ƙarshe wajibi ne, saboda a wannan yanayi ba a loda doka ba, sabon /etc/shadow, fayil ɗin kalmomin sirri, yana fitowa babu tambarinsa na shadow_t, kuma idan aka bar shi haka ba wanda zai iya shiga. Abin da ban yi lissafi ba shi ne /.autorelabel ba fayil ɗaya yake gyarawa ba, na'urar gaba ɗaya yake bi. Ya isa /makaranta, ya duba doka, bai ga sunanta ba, ya mayar da kowane fayil default_t. Da safe iyaye suna tsaye a bakin ofis, sakatare yana danna shafin sakamako yana samun 403, darakta yana kira na a waya yana cewa, "Malam, jiya fa lafiya lau yake, me ka taɓa?" Ni kuma ban kawo tambari a raina ba, tunda a ganina kalmar sirri kaɗai na taɓa.

Abin kamar mai rubuta sunansa da alli a jikin buhun gero a cikin ma'ajiya ne, bai sa an shigar da shi littafin mai gadi ba. Ranar da aka zo ƙidaya, littafi ake bi, a goge allin a rubuta abin da littafi ya ce. Littafin a nan shi ne file_contexts da ke ƙarƙashin /etc/selinux/targeted/contexts/files, jerin hanyoyin fayiloli ne kowace da tambarin da ya dace da ita. Shi restorecon ba ya tuna abin da fayil yake ɗauke da shi jiya, ba ya kuma tambayar wanda ya sa shi. Hanyar fayil yake dubawa, ya nemo layin da ya dace da ita, ya liƙa abin da ya gani. Saboda haka abin da ya kamata in rubuta tun ranar farko shi ne semanage fcontext -a -t httpd_sys_content_t "/makaranta(/.*)?", wanda yake shigar da bukatata cikin file_contexts.local, sannan in bi shi da restorecon -Rv /makaranta. Ku lura da kyau, semanage shi kaɗai ba ya taɓa fayil ko ɗaya, doka kawai yake rubutawa, kuma na ga matasa da yawa sun tsaya a nan suna cewa umarnin bai yi aiki ba. Wannan wutsiya ta (/.*)? ita ce take haɗa jakar da duk abin da ke cikinta, kuma idan aka bar ta, jakar kaɗai za ta sami tambari. Idan na'urar ta ce ba ta san semanage ba, a sababbin Red Hat da Fedora yana cikin ƙunshin policycoreutils-python-utils.

Akwai ƙananan abubuwa a nan da suke cin lokaci idan ba a san su ba. Dokokin da kuka ƙara da hannunku suna rinjayar na asali, kuma a tsakaninsu na baya-bayan nan shi ake fara dubawa, don haka idan akwai jakar da shafi zai riƙa ajiye hotuna a ciki, wadda take bukatar httpd_sys_rw_content_t, sai a rubuta dokarta bayan ta babbar jaka, in ba haka ba babbar ta haɗiye ta. Haka kuma restorecon idan ba a ƙara masa -F ba nau'i kawai yake gyarawa, ya bar sauran kashi ukun, ya kuma ƙyale wasu nau'o'i da aka jera a customizable_types. Wannan ne ya sa wani zai rantse muku cewa nasa chcon bai taɓa gogewa ba, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai ranar da za a bi na'urarsa da -F ba ta zo ba tukuna. Wajen ajiyar kwafi ma a kula: tar yana bukatar --selinux, rsync yana bukatar -X, idan ana son tambari ya bi kaya. Ni dai a yanzu na fi son in dawo da kayan kawai in bi su da restorecon, domin dokar sabuwar na'ura ta fi tsohon tambari sanin abin da ya dace.

Game da sake tambarin na'ura gaba ɗaya, ku zaɓi lokacinsa. Yawan fayiloli ne yake jan aikin, ba girmansu ba, kuma tsohon faifai mai juyawa yana iya ɗaukar dogon lokaci allo yana tsaye kamar na'urar ta maƙale. Kada ku kashe ta. Sai aikin ya ƙare ake cire /.autorelabel, na'urar ta sake tashi da kanta, kuma idan aka katse shi daga farko zai koma. Mu da muka san halin kuran, wato wutar lantarki, a watannin zafi, bai dace mu fara wannan aiki ba sai batirin ajiya yana cike, kuma ba a safiyar da ake jiran sakamako ba. Idan aka yi rashin sa'a na'urar ta ƙi barin kowa ya shiga, a ƙara enforcing=0 a layin tashi na GRUB, shirin da yake tayar da Linux, a shiga a gyara, ba sai an kashe tsaron ba.

Ban ce ku bar chcon ba, yana da amfani wajen gwaji: ku sa nau'i, ku ga ko shi ne maganin, idan shi ne ku rubuta shi da semanage kafin ku tashi daga kujerar. Kafin kuma ku miƙa saba ga masu ita, ku gudanar da restorecon -Rnv a kan jakunkunan da kuka yi aiki a ciki. Harafin n yana hana shi sauya komai, sai dai ya lissafo abin da zai sauya da an bar shi. Duk layin da ya fito, fayil ne da tambarinsa ya saɓa wa doka, kuma shi ne zai daina aiki ranar da wani ya yi touch /.autorelabel, wataƙila kuna nesa da gari. Ku bi su ɗaya bayan ɗaya, ko ku gyara fayil ɗin ko ku gyara dokar, sannan ku ajiye abin da semanage fcontext -l -C ya nuna cikin takardun na'urar, domin wanda zai gaje ku ya san dokokin da aka ƙara da hannu.