Abin da aikin fassara ya koya mini game da kalmar "spill"

A shekarun da na yi ina fassara labarai daga Turanci zuwa Hausa, kalmar "spill" tana cikin waɗanda suke sa ni dakatawa kafin in ɗora alƙalami, domin ba ta da takwara guda ɗaya a harshenmu. Asalin ma'anarta shi ne ruwa, ko wani abu mai gudana kamar gero da gishiri, ya fita daga mazubinsa ba da nufin mai shi ba. Idan uwargida ta tsiyaya shayi a kofi, Bature "pour" zai ce, amma idan hannunta ya goce shayin ya zube a tabarma, to nan ne wannan kalma take shigowa. Randar da ta tsage tana ɗiga a hankali kuwa yoyo take yi, kuma Turanci yana da wata kalma daban dominta.

Inda na fi shan aiki shi ne labaran man fetur. Lokacin da dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya fashe a Tekun Meziko a 2010, ma'aikata 11 suka rasu, mai kuma ya yi kwana 87 yana kwarara cikin teku, na ga cewa "zubewa" ta yi ƙanƙanta ƙwarai ga bala'i irin wannan, saboda mai sauraro zai ɗauka gora ce ta kife. Sai na riƙe "malalar mai", kuma da ita na yi amfani a 2011 wajen fassara rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan gurɓacewar ƙasar Ogoni. Tun daga nan nake fara tambayar kaina mene ne ya zube, yaya yawansa, sannan in zaɓi tsakanin zubewa, malala, kwarara da tumbatsa.

Ma'anonin aro sun fi buƙatar natsuwa. Da aka ce rikicin Libiya na 2011 ya yi "spill over" zuwa arewacin Mali, cewa na yi ya bazu har ya tsallaka iyaka. "Spill the beans" ba ruwansa da wake, Bahaushe fasa ƙwai ko tona asiri yake cewa, kamar yadda karin maganar Turawa ta kuka a kan madarar da ta zube take daidai da aikin gama ya gama. Wuri ɗaya ne na ga harsunan biyu sun haɗu sak, wato "spill blood", zubar da jini, kuma a nan zubarwar ba ta kuskure ba ce, domin a tsohon Turanci kalmar tana nufin hallakarwa ne.

Ga mai rubutu da Turanci kuma, "spilled" da "spilt", siffofin kalmar na lokacin da ya shuɗe, duka daidai ne a Ingila, yayin da Amurkawa suka fi riƙe ta farkon.