Yadda Na Gina Hasumiyar Agadas da Takarda

Sau ɗaya tak na taɓa zuwa Agadas, kuma abin da ya fi zauna mini a rai daga wannan tafiya shi ne hasumiyar babban masallacin garin, wadda baƙo ke hangowa tun kafin ya kutsa cikin lungunan tsohon gari. Da ƙasa aka gina ta, tsayinta mita 27, tana da faɗi a gindi tana tsukewa zuwa sama, ga itatuwa sun huhhudo daga jikinta layi bayan layi. Tarihin masallacin yana komawa ne zuwa 1515, an sake gina hasumiyar a 1844, sannan a 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, don haka da na dawo gida sai na ƙudura cewa zan gina ƙaramin samfurinta da takarda, domin ɗalibaina su riƙe da hannu su ga yadda siffar da muke zanawa a allo take tsayawa da ƙafarta. Na ɗauka aikin yini biyu ne. Sai da na gina ta sau uku, cikin kusan wata guda, kafin na sami wadda zan iya kai wa aji.

Abu na farko da na yanke shi ne ma'auni. Na sa santimita ɗaya ta tsaya a madadin mita ɗaya, wato samfurin zai kai santimita 27, kuma wannan ya yi mini daidai, saboda takardar A4 da ake samu a kowane shago tsawonta santimita 29.7 ne, faɗinta 21. Faɗin gindi da na ƙoli kuwa daga hotuna na kimanta su, kuma a nan na fara karo da wata matsala. Hotunan da na ɗauka da wayata ina tsaye a gindin hasumiyar duk sun nuna kanta ya tsuke fiye da yadda yake, domin abin da ya yi nisa da ido ƙanƙancewa yake yi. Sai da na nemo hotunan da aka ɗauka daga nesa, daga saman soraye, sannan na aza rula a kansu na fitar da kimar da hankalina ya kwanta da ita: santimita 8 a gindi, 2.4 a ƙoli.

Ainihin wannan sana'a yana cikin abin da nake kira shimfiɗa, wato zanen da za a samu idan aka warware jikin abu aka baje shi a kan tebur. Tela ya san wannan ilimi tun da daɗewa, domin yana yanka yadi a shimfiɗe alhali jikin mutum yake hange, haka ma maƙerin da ke yanka gwangwani ya naɗe shi ya zama mazurari. A Turai ana danganta fara buga irin waɗannan zane-zane ga Albrecht Dürer, mai zanen nan na Jamus, a wani littafin awo da ya wallafa a 1525. Shimfiɗar hasumiyar ba ta da wuya a ido: bango huɗu, kowanne mai faɗin gindi da tsukakken kai. Amma bangon da ya jingina ciki ya fi tsayin ginin tsawo. Kowane bango yana shiga ciki da santimita 2.8 daga gindi zuwa ƙoli, saboda haka bisa ƙa'idar Pythagoras tsawonsa a takarda ya zama kimanin 27.1. Bambancin bai kai milimita biyu ba, amma na so ɗalibai su ga inda wannan ƙa'ida take aiki a wajen littafi.

Ginin farko ya lalace tun kafin ya bushe. Takardar ɗab'i na yi amfani da ita, mai nauyin giram 80 a kowace murabba'in mita, na lanƙwasa ta da yatsa, na kuma shafa farin gam da yawa don ina ganin yawan gam shi ne ƙarfi. Ruwan da ke cikin gam ɗin ya jiƙa takardar, ta yi tattara kamar tufar da ba a goge ba, da gari ya waye kuma sai na tarar hasumiyar ta murɗe, kanta ya juya gefe guda. Ban da haka, kunnuwan da na bari a gefen bango don liƙawa sun yi siriri ƙwarai, kusurwoyinsu kuma suna hawa kan juna a ciki.

Daga wannan asara na gyara abubuwa da dama. Na koma ga farin kwali mai nauyin giram 200, wanda yake tsayawa da kansa amma reza tana ratsa shi ba tare da wahala ba. Na koyi cewa ba a lanƙwasa kwali sai an fara danne masa layi: a aza rular ƙarfe, a ja biron da tawadarsa ta ƙare a kan layin sau biyu, sai kwalin ya karye daidai inda aka umarce shi. Na kuma gano cewa takarda tana da jijiya, domin a masana'anta zarurrukanta sukan kwanta ta fuska ɗaya, shi ya sa idan ka tanƙwara ta a hankali ta tsaye da ta kwance za ka ji ɗaya ya fi ɗaya sauƙi. Bangon da aka yanka jijiyarsa na bin tsayinsa ya fi jure tsayuwa. Kunnuwa na mayar da su milimita 6, na sassabe kusurwoyinsu don kada su yi karo, kamar dai yadda tela ke barin wurin ɗinki a gefen yadi. Gam kuwa da tsinken sakace nake ɗebo shi yanzu, in shafa shi siriri har sai ya kusa ɓacewa, in danne da bayan rula ina ƙirga talatin a zuciya. Bango bibbiyu na haɗa a kowace takarda, don haka ɗinki biyu kacal ya rage.

Gini na biyu ya fito tsaf. Kusurwoyi a miƙe, awo bai kuskure ba, ya tsaya a kan tebur ba ya ko girgiza. Duk da haka zuciyata ba ta karɓe shi ba, kuma na kasa gane dalili, har sai da na kai shi wurin wani dattijo a unguwarmu wanda ya yi rayuwarsa yana ginin ƙasa. Ya juya shi a hannu, ya dubi hotunan da na nuna masa, ya daɗe bai ce komai ba. Daga nan ya ce, "Malam, wannan ai ginin bulo ka yi. Ginin ƙasa ba shi da kaifi." Na ce, "Baba, to ina gyaran yake?" Sai ya sa ɗan yatsa a kan hoton yana bin gefen hasumiyar daga ƙasa zuwa sama, ya nuna mini cewa layin ba miƙaƙƙe ba ne, yana ɗan cika a wani wuri yana ɗan ramewa a wani, kusurwoyin kuma a dulmuye suke saboda tafin hannu ne ya shafe su, yaɓe bisa yaɓe, shekara da shekaru. Na kalli waɗannan hotuna fiye da sau ɗari, amma siffar lissafin da ke kaina nake gani a cikinsu.

Wannan gyara ya jefa ni cikin matsalar da ta fi kowace wuya, domin takarda tana lanƙwasuwa ne ta fuska ɗaya kawai a lokaci guda. Za ka iya naɗe ta ta zama bututu ko mazurari, amma ba za ka iya mayar da ita ƙwarya ba sai ka yaga ta ko ka tattare ta, kamar yadda ɓawon lemo ba ya kwanciya a kan tebur sai ya tsattsage. Masanin lissafin nan Gauss ya tabbatar da dalilin haka a 1827, kuma shi ne dalilin da ya sa babu taswirar duniya da ba ta tauye wani yanki ba. Bango mai ɗan tumbi da kusurwa mai zagaye ba zai fito daga falle ɗaya ba. Abin da na yi shi ne na raba hasumiyar gaɓa-gaɓa kamar rake, gaɓa biyar, kowacce da nata gangaren, ta yadda idan aka ɗora su bisa juna ido zai ga layi mai ɗan lanƙwasa. A kusurwoyi kuma, maimakon layi ɗaya, na danne layi uku kusa da juna, tazarar milimita biyu tsakaninsu, sai kaifin ya mutu. Zana waɗannan gaɓoɓi ya ci mini darare huɗu, saboda dole ne bakin kowace gaɓa ya yi daidai da gindin wadda za ta hau kanta, kuma kuskuren milimita ɗaya a ƙasa yakan girma yayin da ake hawa.

A mahaɗar kowace gaɓa na sa farantin kwali mai kauri a ciki, wanda na yanko daga kwalin sabulu, domin ya riƙe bangon kada ya lotsa. A karon farko na yanka farantan daidai da awon waje, sai suka ƙi shiga, domin na manta cewa kwalin bangon ma yana da nasa kaurin, kimanin rubu'in milimita a kowane gefe. Tun daga ranar nake rage rabin milimita daga duk abin da zai shiga cikin wani abu.

Sai batun itatuwan, wanda shi ne ɓangaren da na fi jin daɗinsa. Matafiyin nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim a ƙasashenmu, ya isa Agadas a 1850, shekara shida bayan sake ginin, ya kuma rubuta cewa itacen goriba ne aka gitta a cikin hasumiyar don a ɗaure bangonta. Dattijon maginin ya ƙara mini da cewa irin waɗannan itatuwa su ne matakalar masu yaɓe idan lokacin gyara ya zo. Na yi nawa da tsinken tsintsiyar kwakwa, na zaɓi sirara masu kauri ɗaya. Ramukan na huda su da allura tun kwalin yana shimfiɗe, na aza shi a kan guntun soso, ina hudawa daga waje zuwa ciki don tsagar ta ɓuya. Da farko gajerun tsinkaye na yanka ina liƙa kowanne a raminsa, amma suna ta karkacewa, wani ya dubi sama wani ya dubi ƙasa. Sai na tuna da maganar gittawar, na zura dogon tsinke ya ratsa bango ya fita ta bangon da ke fuskantarsa. Nan take kawunan biyu suka daidaita, da na gama layi na uku kuma na matsa gaɓar da yatsu sai na ji ta yi tauri kamar katako. Na ɗaga ramukan gabas da yamma sama da na kudu da arewa da milimita biyu, don kada tsinkayen su yi karo a ciki. Ƙananan tagogin da ke haska matakalar cikin hasumiyar na yanke su da sabuwar reza, na liƙa baƙar takarda a bayansu.

Launi ma sai da ya koya mini haƙuri. Fentin ruwa ya kumbura kwalin gwajin da na shafa wa, kuma launinsa ya yi sumul fiye da kima. Daga baya na ɗebo jar ƙasa, na daka ta, na tankaɗe ta da rariya har ta yi laushi kamar gari, na jiƙa ƙaro ya kwana, na kwaɓa su tare da ɗan kauri. Da yatsa na shafa, siriri, gaɓa ɗaya a rana, bayan na riga na shafa wa cikin kwalin ruwan ƙaro zalla, domin takardar da aka jiƙa fuska ɗaya takan lanƙwashe zuwa gefe. Da ya bushe sai sawun yatsana ya fito a jikin bangon, ya kuma rufe duk mahaɗan gaɓoɓin da fararen bakunan kwalin. Ƙananan sorayen masallacin da ke kewaye da gindin hasumiyar ba su ba ni wahala ba, akwatuna ne gajeru, na gama su a yammaci ɗaya.

Daga baya wani abokin aikina ya nuna mini manhajojin kwamfuta irin su Pepakura Designer ta Japan da kuma Blender, waɗanda ke warware siffa su fitar da shimfiɗarta, har su sa lamba a kowane gefe don a san wanda zai haɗu da wane. Suna rage wahala sosai, kuma ina amfani da su yanzu idan siffar tana da fuskoki da yawa. Sai dai ina ganin bai kamata mai koyo ya fara da su ba, domin manhaja ba ta san kaurin kwalinka ba, ba ta san inda yatsanka zai kasa shiga ya danne kunne ba, kuma mai ginin ne zai zaɓi inda ɗinki zai ɓuya. Ɗalibaina da rula da kamfas da fensir suke fara zana shimfiɗar akwati, sannan dala, kafin su taɓa kwamfuta.

Lokacin hunturu na yi aikin, kuma ya taimaka, don gam yana kamawa da wuri, ko da yake kwali yakan tsage a kan layi idan aka karya shi da gaggawa. Da damina ta sauka, danshi ya sa yaɓen kusurwa ɗaya ya ɓamɓare a gaɓa ta biyu, tsinke biyu kuma suka yi sako-sako. Na sake kwaɓa jar ƙasa da ƙaro a murfin kwalba, na ba wata ɗaliba da ta fi kowa tambaya a kan samfurin, na nuna mata yadda za ta riƙe gindin da hannun hagu. Ta shafe wurin da ɗan yatsanta a hankali, muka ajiye hasumiyar a bakin taga ta sha iska har aka tashi daga makaranta.