Tsirkiyar jita: kauri tukuna, sannan ƙarfe

Masu jitar katako da yawa sunan kamfani suke bi, alhali lambar da ke jikin fakiti ce abin dubawa, domin ita ke nuna kaurin tsirkiya mafi siranta da na mafi kauri. Saitin 12-53 shi ne tsaka-tsaki, kuma jan da yake yi wa wuyan jita ya haura kilo 70. Na 10-47 ya fi taushi a yatsa, amma sautinsa siriri ne. Na 13-56 kuwa akwai amo, sai dai yana iya lanƙwasa wuya ko ya ɗaga jaki, wato katakon da ke riƙe tsirkiya a jikin jitar, a tsohuwar jita. Duk wanda ya sauya kauri, to ya sake saita sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, in ba haka ba tsirkiya ta yi ta zuza ko ta yi nisa da yatsa.

Sai ƙarfen da aka naɗe tsirkiyoyi masu kauri da shi. Mai 80/20, wato jan ƙarfe kashi 80 da tutiya kashi 20, tana fita da ƙara tangaran, amma gumi na saurin dusashe ta. Mai phosphor bronze, wani nau'in tagulla, wadda kamfanin D'Addario ya fito da ita a 1974, ta fi kaurin murya da jimiri. In hannunka mai gumi ne, nemi mai rufin roba irin ta kamfanin Elixir. Ta fi daɗewa nesa ba kusa ba, ko da yake wasu na ganin rufin yana ɗan danne sautin.

A goge tsirkiya da busasshen ƙyalle bayan kiɗa, har ƙarƙashinta. Kuma kul, kada a ɗaura ta ƙarfe a jitar da aka ƙera don tsirkiyar nailan, jakin na iya ɓallewa.