Ƙofar Tasawa da na rufe daga Maraɗi

Ranar Alhamis da ta wuce na miƙa makullan ɗakin saba, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanan aikinmu, na sa hannu a takardar ajiye aiki, na fito. Shekara huɗu da wata bakwai na yi a gidan, gidan kuɗi ne mai reshe a Tasawa. Waɗanda muka yi zaman buro ɗaya da su sun san ba faɗa ne ya fitar da ni ba, amma sun san tun ranar da abin Tasawa ya faru zuciyata ta bar wurin, gangar jiki ce kawai ta tsaya cika kwantiragi. Ina rubuta wannan saboda ƙannen da za su gaji kujerar, kuma saboda labarin da ake bayarwa a gidan har yau rabinsa ne.

Masu bincike ne suka zo daga Yamai suka ce bayanan asusun mutane da sauran zirga-zirgar rezo duk a kwano ɗaya muke zuba su. Gaskiya suka faɗa. Sabobinmu Linux ne, kuma SELinux yana kunne a kansu, ni na kunna shi da hannuna a watan da na fara aiki. Shi SELinux yakan liƙa tambarin tsaro a kan kowane fayil da kowace manhajar da ke gudana, karnel kuma, wato zuciyar tsarin, ta duba tambarin kafin ta bar wani ya taɓa wani. Matsalar ita ce da zarar bayani ya zama fakiti, wato ɗan ƙunshin da ake aikawa a rezo, ya bi waya, tambarin a gida yake tsayawa. Sabar da ke can ɗaya gefen ba ta san ko abin da ya iso mata sirri ne ko hirar banza ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake lodin wake ko aya a Maraɗi ya ga shaida iri biyu a jikin buhu. Akwai allin mai sito, wanda yake zanawa don ya san layin da zai jera kaya, ba ruwan kowa da shi a waje. Kwatankwacinsa a Linux shi ne SECMARK, wanda James Morris ya shigar a karnel 2.6.18 a 2006: iptables, manhajar tace fakiti, ce ke liƙa tambarin lokacin da fakiti ya shigo ko zai fita, kuma tambarin ba ya barin cikin na'urar ko da taku ɗaya. Sai kuma fentin da ɗan kasuwa ke rubutawa a buhu, wanda zai bi kayan ya wuce Ɗan Isa har Jibiya, wanda zai sauke ya karanta ya san na wane ne. Wannan shi ne NetLabel, aikin Paul Moore, da ya shiga karnel 2.6.19 a wannan shekarar. Shi a cikin goshin fakitin, inda adireshi yake, yake rubuta tambarin, da tsarin da ake kira CIPSO.

Fentin na zaɓa, kuma ba wanda ya tilasta ni. Abin ya burge ni ne ƙwarai. Na zauna na karance shi har na san CIPSO daftari ne na 1992 da bai taɓa zama cikakkiyar ƙa'idar IETF, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin intanet, ba, na san lambarsa 134 ce a cikin ƙarin bayanan goshin IPv4, na san gurbin nan duka bayit 40 ne, shi ya sa tambari nau'i na 1 ba ya ɗaukar rukuni fiye da 240 alhali SELinux yana da 1024. Na san kuma dole sabobin biyu su yi yarjejeniya a kan lamba guda da ake kira DOI, wadda ke cewa ga ma'anar da muka ba wannan shaida tsakaninmu. In lambar ta saɓa, mai karɓa zai yar da fakitin. Mako uku na yi ina gwadawa da tsofaffin kwamfutoci biyu a kan teburina, waya ɗaya ta haɗa su. Komai ya tafi daidai. Fakiti mai tambarin sirri ya shiga inda ya kamata, marar izini ya tsaya a ƙofa. Daren da na fara ganin lambar 134 a cikin fakitin da na kama da tcpdump, manhajar leƙa abin da ke bin waya, sai da na kira wani abokina a Damagaram na ba shi labari.

Na rubuta wa shef cewa zan je Tasawa in yi aikin a gaban na'urar, ina neman kuɗin mota da na kwana ɗaya. Bai amsa takardar ba. A bakin ƙofar buronsa ya tare ni ya ce, "Kai yaro, to mi ne amfanin intanet ɗin da muke biya duk wata? Yi shi daga nan, kuma kafin Salla nake son in aika rahoto Yamai." Na ce, "Ranka ya daɗe, in wani abu ya kuskure ba mai gyarawa a can." Ya ce ai ni na ce na gwada. Na yi shiru na koma kujerata. Wannan shirun nawa ne, ba zan ɗora wa kowa shi ba.

Saura kwana uku Sallar Layya, da hantsi, na shiga sabar Tasawa ta SSH, hanyar sarrafa na'ura daga nesa, daga kwamfutata. Na fara auna hanya da ping, amsa ta dawo lafiya, na ce hanya a buɗe take. Kuskurena na farko ke nan, kuma shi ne babba: fakitin da na auna hanyar da shi ba ya ɗauke da tambari. Tsakanin Maraɗi da Tasawa akwai rutoci, na'urorin da ke miƙa fakiti gaba, na mai ba mu rezo waɗanda ban taɓa gani da idona ba, kuma na'urori da yawa a kan hanya ba sa son fakiti mai ƙarin bayani a goshi, wasu su yar da shi ba tare da sun ce uffan ba. A teburina ba ruta ko ɗaya tsakanin kwamfutocin biyu, don haka mako ukun nan ban gwada hanya ba ko sau ɗaya.

Na saka DOI, na ce duk abin da zai tafi sabar Maraɗi a liƙa masa tambari. Don kada ɗaukewar kuran ta share aikin, tunda karnel ba ta riƙe waɗannan saituna bayan an sake kunnawa, sai na rubuta layukan a fayil ɗin netlabel.rules, har da na ƙarshe wanda ban riga na gwada ba. Kwamfutocin masu biyan kuɗi na reshen Windows ne, ba su san CIPSO ba. NetLabel yana da hanyar ba irinsu tambari na dindindin bisa adireshinsu, na bar wannan sai na tabbatar da adireshin tukuna. Sannan na buga netlabelctl unlbl accept off, wato kada a ƙara karɓar fakitin da ba shi da tambari.

Alamar rubutu ta tsaya cik. Na danna madannai, ba motsi. A cikin daƙiƙa biyu na gane abin da na yi, gumi ya karyo mini duk da sanyin ɗakin saba. Kwamfutar da nake zaune a gabanta ita ma ba ta liƙa tambari, ni ne baƙo na farko da ƙofar ta kora. Na ruga sabar Maraɗi, wadda ke liƙawa, na nemi shiga ta can. Shiru. Fakitocinta suna fita, ba sa isa.

Ba a yi minti biyar ba Hajiya mai riƙe da kes ɗin Tasawa ta kira. "Ɗana, mi ya faru? Komi ya tsaya, ga mutane cike har waje." Na ce ta kashe sabar ta sake kunnawa. Ta yi. Sabar ta tashi, ta karanta fayil ɗin da na rubuta da hannuna, ta sake rufe ƙofar. Ba ekaran a jikinta, ba madannai, kuma kalmar sirrin babban mai iko ba abin da ake karantawa a waya ba ne, dokar gidan ce, kuma doka ce mai kyau.

Kuɗin motar da aka hana ni, daga aljihuna na fitar da shi. Na bi ta Cadawa, Agye, Gazawa, kowace tsayawa ji nake kamar a kan ƙaya nake zaune. Ana kiran la'asar na isa. Abin da na tarar a ƙofar reshen shi ne abin da ba ya barina har yau. Mutane sun bi inuwar bango sun zazzauna, wasu tun safe, mafi yawansu kuɗin da 'ya'yansu suka aiko daga Libiya ko Abijan suka zo karɓa don sayen rago. Wani dattijo, takardarsa a naɗe cikin leda, ya riƙe hannun rigata ya ce, "Ɗana, kai ne mai gyaran? Daga ƙauye nike, motar garinmu ta tashi." Na ce, "Ni ne, Baba, ka yi haƙuri." Ban gaya masa ni ne kuma mai ɓatawar ba. Na ari ekaran ɗin Hajiya, na durƙusa bayan kabad, na share layi ɗaya, na buɗe ƙofar. Gyaran bai kai minti huɗu ba. An biya mutane har bayan isha'i, dattijon kuma a zauren maigadi ya kwana.

Bayan Salla aka yi taro. Shef ya miƙe a gaban darekta ya ce na yi aikin ba da izininsa ba, kuma da ma ya sha gaya mini waɗannan abubuwan na Turawa ba su dace da mu ba. Na ce na rubuta takardar neman tafiya. Ya ce wace takarda. Kwafinta ban riƙe ba, maganar bakin ƙofa kuma ba ta da shaida sai ni da shi da Allah. Mutum biyu da suka ji lokacin da ya ce "yi shi daga nan" suna zaune a ɗakin, kowa ya duƙar da kai yana duba wayarsa. Ban riƙe su a zuci ba, suna da iyali. Aka ba ni takardar gargaɗi, aka cire mini ladan ƙarshen shekara.

Gargaɗin na karɓa, don na ci shi. Abin da ban karɓa ba shi ne hukuncin da ya biyo baya: ya ce a buga setenforce 0 a dukkan sabobi, a bar SELinux yana gani ba ya hanawa, don kada irin haka ta sake faruwa. Na yi masa bayani cewa wannan ko ƙofar Tasawa ba zai buɗe ba a ranar, domin ba dokar SELinux ce ta ƙi fakitocin ba, NetLabel ne ya ƙi su tun kafin a kai ga tambayar doka, shi ya sa ko layi ɗaya na ƙin izini ban samu a audit.log, fayil ɗin da SELinux ke rubuta abin da ya hana, ba. Ya ce in daina yi masa lacca. Wata biyar sabobin da ke riƙe da kuɗin talakawa suka yi a haka, rahoton da ya tafi Yamai kuma yana cewa an ɗauki mataki.

Ga wanda zai zauna a kujerar bayana: kada ka rufe ƙofa daga nesa sai ka ajiye abin da zai buɗe ta da kansa. Umarnin at, mai gudanar da aiki a lokacin da ka ɗiba masa, yana nan, ka sa shi ya mayar da komai yadda yake bayan minti goma, in aikin ya yi kyau ka soke shi. Kada ka rubuta layi a fayil ɗin farawa kafin ka ga ya yi aiki a raye. Ka auna hanya da irin fakitin da zai bi ta, da tambarinsa a goshi, ka tsaya a ɗaya gefen da tcpdump ka ga isowarsa da idonka. Na'urorin da ba sa liƙa tambari, ka ba su nasu tun kafin ka taɓa maganar rufewa.

Kuma ka sani tambarin CIPSO a fili yake tafiya, ba a kulle ba, duk wanda ya samu hanyar zama a kan wayar zai iya rubuta irinsa. An yi shi ne don rezon da kai ke da iko da shi daga farko har ƙarshe. Namu ba haka yake ba, kuma da na tsaya na tambayi kaina wannan tun farko, da ban kai ga Tasawa ba. In dole sai tambari ya bi hanyar wani, ka sa shi cikin ramin IPsec, wanda ke kulle fakiti a kan hanya. Na IPv6 sunansa CALIPSO, RFC 5570 na 2009, ya shiga Linux 4.8 a 2016, shi ma a fili yake tafiya.

Umarnin baki, ka maimaita shi a saƙo ka aika wa mai shi kafin ka taɓa madannai. Takardar da ka miƙa, ka ɗauki hotonta.

A wata na shida, ba tare da taro ba, na koma kan allin mai sito. Na rubuta dokokin SECMARK da abokinsa CONNSECMARK a kowace saba, fakitin da ya fito daga kwamfutocin kes ya samu tambarinsa a bakin shiga, manhajar asusu kaɗai ke da izinin karɓarsa. Na bar su mako biyu ina karanta abin da ausearch, mai bincika audit.log, ke fitarwa kowace safiya, ina gyara doka ɗaya bayan ɗaya, sannan na mayar da SELinux kan hanawa, reshe bayan reshe, kowane a gabansa nake tsaye, da kuɗin motata. Darekta na sanar a rubuce, na riƙe kwafi. Masu binciken da suka dawo bana sun yaba da tsarin, kuma sunan shef ne a ƙasan rahoton. Dokokin suna cikin littafin bango shuɗi a aljihun tebur na biyu, kowane layi da dalilinsa a gefe, shafin farko kuma adireshin kwamfutocin Tasawa ne.