Ƙaiƙayin Baba da safar hannu ta roba

Ni ke yi ma Baba wankin ƙoda na ciki a gida nan Maradi, wanda ake zuba ruwan magani wajen lita 2 ta tiyon da ke cikinshi, ya zamna awa 4 zuwa 6 a fidda a zuba sabo, sau 4 a yini. Tiyon na silikon ne, ba shi da matsala. Matsalarmu daga safar hannu ta taho.

Mai ciwon ƙoda dama ƙaiƙayi abokin zamanshi ne, shi ya sa da Baba ya fara susa kowa ya ce ai ciwon ne. To amma ni na lura duk lokacin da na sa safar hannu ta latas (latex), wannan mai ruwan madara mai hoda a ciki, na goge mai bakin tiyon, kafin in gama wurin ya yi ja ya yi rudu-rudu kamar cizon sauro, ga atishawa ga idanu na ruwa, in an jima ya lafa. Na ce Baba wanga ba ƙaiƙayin da munka sani ba ne. Da na gaya ma likita sai ya ce ƙaron itacen roba da ake yin safar da shi ne jikinshi ya ƙi, kuma yawan taɓawa ke kawo haka, musamman ga mutumen da an sha yi mai aiki a asibiti kuma kullum safa na taɓa shi. Hodar ma tana ɗaukar abin ta tashi da shi iska a shaƙa, Amurka tun 2017 sun hana safar asibiti mai hoda.

Munka koma safar nitril, wadda ba a yi da ƙaron itacen roba, kuma sai ka karanta jikin kwalin a farmasi, kar ka bi launi. Likita ya tambaya ko ayaba ko avoka na sa mai ƙaiƙayin baki, don suna da dangantaka da ƙaron nan.

Abin da ya fi tada min hankali shi ne abin kan kai ga kumburin baki da toshewar numfashi, wannan asibiti ne nan take, ba a jiran safiya. Yanzu an rubuta a karnenshi na asibiti cewa jikinshi ya ƙi latas, kuma duk inda munka je kafin a taɓa shi ina faɗi, har robar ɗaure hannu ta ɗibar jini da robar fitsari sai na tambaya da me aka yi su.