Sana'ar sayar da faifan jaz a Kaduna

Shagona na tsofaffin faya-fayai ne, kuma mafi yawan abin da ke kan kanta kiɗan jaz ne na Amurka. Ba kamfani ke kawo mini kaya ba, gida-gida nake bi. Tsofaffin ma'aikatan rediyo da malaman jami'a da suka yi karatu a Ingila ko Amurka da yawansu sun dawo da akwatin faifai, to idan mai gida ya kwanta dama sai 'ya'ya su kira ni in zo in duba.

Dubawar nan ita ce rabin sana'ar. Ina zaro faifai daga kwalinsa, in karkata shi a hasken taga in ga ko akwai karce, sannan in aza shi a kan gilashi. Idan gefe ɗaya ya ɗaga, zafin bazara ya riga ya lanƙwasa shi, galibi don an jibge su a kwance ƙarƙashin rufin kwano, alhali a tsaye ake jera faifai. Ƙurar hunturu kuwa da sauƙi, ruwa mai tsabta da ƙyalle mai laushi sun isa. Daga nan sai in leƙa ɗan filin da ke tsakanin ƙarshen kiɗa da takardar tsakiya. In na ga haruffan RVG a wurin, na san aikin Rudy Van Gelder ne, injiniyan da ya ɗauki yawancin faya-fayan kamfanin Blue Note a jihar New Jersey. Wannan 'yar alama takan ɗaga kuɗin faifai sosai, kuma nakan gaya wa magada gaskiya kafin mu yi ciniki.

Sauran rabin kuma shi ne sanin kunnen mai saye, domin jaz ba abu ɗaya ba ne. Abin da Louis Armstrong ya ɗauka da ƙungiyarsa ta Hot Five tsakanin 1925 da 1928 kowane kiɗa kimanin minti uku ne, iyakar abin da faifan garmaho na wancan zamani ke ɗauka ke nan. Sai a 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifai mai cin kusan minti ashirin a kowace fuska, makaɗa suka samu sarari su miƙe ƙafa.

Wanda ya ce mini, "Malam, ban taɓa sauraron irin wannan ba, ina zan fara?" nakan ɗora masa Kind of Blue na Miles Davis, na 1959. Kiɗa ne mai natsuwa, busa ba gaggawa. Ba na fara masa da Ornette Coleman, ko da yake The Shape of Jazz to Come ma na shekarar ne, don kunnen da bai saba ba zai ɗauka makaɗan sun ɓata hanya ne. Samarin da suka taso da kiɗan Fela kuwa Head Hunters na Herbie Hancock, na 1973, ke kama su nan take saboda nauyin ganga. Dattawa sukan tambayi Breezin' na George Benson, na 1976, su ce shi suke ji a rediyo suna samari. Yana fita da sauri, ba na raina shi, amma in ni za a bi, A Love Supreme na John Coltrane ya fi su duka. Rana ɗaya aka ɗauke shi a watan Disamba na 1964, kashi huɗu, kuma godiya ce ga Ubangiji daga farko har ƙarshe.

Wanda na fi daɗewa ina yi wa masu saye bayaninsa shi ne Yusef Lateef. Ba'amurke ne Musulmi, mai busa saksafon da sarewa, kuma ya zauna a nan kusa da mu, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga 1981 zuwa 1985, yana bincike kan sarewar Fulani. A Legas ya ɗauki faifansa In Nigeria tare da makaɗan ƙasar nan. Kafin haka ma, tun 1961 ya ɗauki Eastern Sounds, inda ya kawo busa irin ta gabas cikin jaz. In na ɗora wa mutumin Zariya shi, sai ka ga ya gyara zama yana cewa, "Wai a Samaru ya zauna?" Faya-fayansa ba sa yawan faɗowa hannuna, shi ya sa nake da littafin da nake rubuta sunayen masu jira, duk wanda ya riga yin magana shi nake fara kira.